Masu Tayar da Littafi Tsaye

Duk wanda ya tashi daga Birnin Gwari ya kama titin Tegina, in ya wuce Pandogari sai Kagara. A wannan gari aka haifi Abubakar Imam, mai littafin Ruwan Bagaja, a 1911, kuma sunan garin ne yayansa Malam Bello Kagara, mai littafin Ganɗoki, ya shiga duniya da shi. Shaihu Umar ma, malamin nan da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ƙaga, da almajiransa suka tambaye shi asalinsa, Kagara ya ambata musu. Ke nan cikin littattafai biyar da Hukumar Talifi ta Zariya ta fitar bayan gasar da Dokta Rupert East ya shirya a 1933, uku suna da igiyar da ta ɗauro su da wannan yanki namu: Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Sauran biyun su ne Idon Matambayi da Jiki Magayi. Mutumin Randagi ko Kakangi ko Dogon Dawa ba baƙo ba ne a cikin waɗannan labarai. Dajin da ke cikinsu irin nasa ne, fadar da ke cikinsu ya san irinta, har tsoron da ke cikinsu ya sani.

Sai dai littafi abokin mutum ɗaya ne. Wanda ya iya karatu, ya kuma samu kwafi, ya samu inuwa da natsuwa, shi ke cin moriyarsa. Tsohuwar da ba ta shiga boko ba, da manomin da bai dawo gida sai almuru, da yaron da bai gama haɗa baƙi ba, duk suna waje. Akwai wasu mutane da sana'arsu ita ce su ɗauko labarin da ke kwance a takarda su tsayar da shi a fili, ya yi tafiya, ya yi magana, ya yi fushi a gaban gari guda. Su ne masu juya littafi ya koma wasan kwaikwayo. Ina ganin girmansu ƙwarai, kuma ba kasafai ake lura da wahalarsu ba, domin in aikinsu ya yi kyau ɓacewa suke yi a cikinsa. 'Yan kallo su watse suna yabon marubucin asali da 'yan wasa, ba mai tambayar wanda ya kwana yana yanka yana ɗinki tsakanin su biyun.

A ƙasar Hausa, in ana maganar wannan aiki, Shaihu Umar ake fara ambata. Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana matashin malamin makaranta a Bauci, shekarunsa ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, tun ba wanda ya san zai zama Firayim Minista. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, wani masanin wasan kwaikwayo ɗan asalin Tirinidad da ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka mayar da shi wasan dandali, aka buga shi a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa, Umaru Ladan ne ya fito a Shaihun, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977. Fim ɗin ya yi shekaru ba a jin ɗuriyarsa, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka sake haska shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Ɗan ƙaramin littafi ne da za a iya karancewa a yini ɗaya, amma dubi nisan da ya yi da ya samu masu ɗaukarsa.

Matsalar farko da mai wannan aiki ke cin karo da ita ita ce bakin mai ba da labari. A littafi mutum ɗaya ke riƙe da komai. Shaihu Umar na zaune a Rauta, kusa da Bauci, yana faɗa wa almajiransa abin da ya faru tun kafin a haife shi, da abin da fadawa suka ƙulla a bayan idon kowa, da abin da uwarsa ta sha a wuraren da shi bai je ba. Mai karatu bai damu ba, ya miƙa wuya. Amma ka zaunar da dattijo a kan buzu a gaban jama'a ya yi ta magana awa biyu, kafin ya kai rabin labari yara sun fara wasan ƙasa, manya sun tuna da aikin da suka bari. To, in kuma ka cire shi gaba ɗaya, ka cire ran littafin, domin abin da ke sanyaya zuciyar mai karatu duk tsawon wahalar nan shi ne sanin cewa yaron da ake jan sa daga hannu zuwa hannu shi ne wannan malami mai furfura da ke zaune lafiya. Gwani yakan bar Shaihun a gefe ɗaya na dandali da almajiransa da allunansu, ya ba shi jimla biyu ko uku ya buɗe ƙofa, sai muryarsa ta yi ƙasa, mutanen da yake ambata su shigo ta ɗaya gefen su ci gaba da kansu. Yakan dawo da shi ne kawai inda ake so a tsallake shekaru, ko inda abin ya yi nauyin da 'yan kallo ke bukatar numfashi. Fim ɗin Adamu Halilu ma da wannan zama na malami da almajirai ya buɗe. Sanin sau nawa za a dawo wurin tsohon, da daidai lokacin da za a rufe masa baki, ba a koyonsa daga littafi. Sai mutum ya tsaya a bayan taro ya ga inda kawuna ke fara juyawa.

Daga nan sai yanka, wanda shi ne ke raba gwani da mai koyo. Aikin kamar na tela ne da aka kawo wa babbar rigar uba aka ce ya rage ta ta yi wa ɗa daidai: yadi da yawa zai tafi, amma in almakashinsa ya taɓa aikin aska da ke ƙirji, ya ɓata rigar. Mai juya littafi dole ya san ina ne ƙirjin labari. A Shaihu Umar rabuwar uwa da ɗa ce, da neman da kowannensu ke yi wa ɗaya. Duk abin da ke ƙara wa wannan zafi ya zauna. Duk abin da bai taɓa shi ba, ko da daɗinsa ya kai ina a takarda, ya tafi. Zango uku na tafiya su zama ɗaya. Fadawa masu yawa su koma biyu, ɗaya mai baki ɗaya mai ƙulli. Iyayen gida da yaron ya ratsa hannunsu a taƙaita su. Akwai masu ƙin wannan, su ce an ci amanar marubuci. A Ingila, a 1980, da David Edgar ya juya littafin Charles Dickens mai suna Nicholas Nickleby bai so ya zubar da abu mai yawa ba, sai wasan ya haura awa takwas, ana raba kallonsa gida biyu. Ya yi suna ƙwarai, amma can akwai ɗaki mai rufi da kujeru da fitilu da 'yan wasan da albashi ke jira. Mai shirya wasa a filin makarantar ƙauye yana da abin da ke tsakanin la'asar da magariba, kuma in ladan ya kira salla wasa ya ƙare ko an kai ƙarshe ko ba a kai ba. Ni a wurina wanda ya iya fitar da zuciyar littafi cikin wannan ɗan taƙi ya fi burge ni.

Inda na fi jin daɗin kallon aikinsu shi ne wajen mayar da bayani ya zama abin gani. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma wannan sana'a gaba ɗayanta a kan haka ta tsaya. Ɗauki Makau, bafaden da ya auri uwar Umar bayan rasuwar mahaifinsa. Marubuci zai gaya maka cewa sarki na sonsa, sauran fadawa na ƙyashinsa, magana ta ƙare cikin layi biyu. A dandali ba mai faɗin haka. Sai a cika fada, kowa ya shigo ya zube ya yi gaisuwa, dogarai su amsa a madadin sarki kamar yadda aka saba. Da Makau ya shigo sai sarki ya ɗago kai ya kira sunansa da bakinsa, ya nuna masa wuri kusa da shimfiɗa. Wani tsohon bafade da ya shekara ashirin a wannan wurin dole ya ja jiki baya. Ya ja, yana murmushi, yana cewa Allah ya ja zamanin sarki, amma yatsunsa na murza bakin rawaninsa. Ya ɗan waiga ya haɗa ido da na kusa da shi. Shi ke nan, yaro ɗan shekara goma da ke bakin fili ya riga ya san za a kayar da Makau, ya kuma san wanda zai kayar da shi. Ba a kashe ko minti biyu ba.

Sai kuma maganar da za a sa a bakinsu, wadda babu ita a littafin, dole mai juyawa ya ƙaga ta, ta kuma yi kama da wadda marubucin zai yarda da ita. A labarin, bayan an dawo daga hari fadawa sun yi wa Makau sharrin ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo, sarki ya kore shi daga ƙasar, ya ƙare a Maƙarfi. Wanda bai san fada ba zai sa bafade ya miƙe ya nuna Makau da yatsa ya ce ɓarawo ne. Bafade bai yin haka. Zai sunkuyar da kai ya ce, “Ranka ya daɗe, mu dai ba mu ce komai ba. Sai dai ƙidayar da muka yi a bakin daji da wadda aka kawo gabanka ba su zo ɗaya ba. Wataƙila idonmu ne.” Sarki kuma ba ya doguwar magana. Shirunsa ne hukunci, kalma uku ko huɗu su biyo baya. Balaraben fatake yana da tasa Hausar, almajiri yana da tasa, uwa in tana magana da mijinta ba ta kama sunansa. Mai juya littafi sai ya kasance mai kunne, wanda ya zauna a zaure da kasuwa da tsakar gida yana sauraro, domin kuskure ɗaya a gaisuwa ya isa ya sa dattawan da ke kan benci na gaba su daina yarda da wasan.

Yaya za a kawo Sahara filin ƙwallon makaranta? Labarin ya tashi daga Kagara ya bi ta Fatika da Kano, ya ƙetare rairayi zuwa Ber Kufa inda Balarabe Abdulkarim ya reni Umar kamar ɗansa ya sa shi karatu, ya kai Tarabulus, sannan ya dawo. Mai fim zai ɗauki kyamara ya je inda raƙuma suke. Mai dandali ba shi da raƙumi, kuma in yana da hankali ba zai nema ba. Mutum bakwai sun naɗe fuska da rawani, sun jeru, suna ɗaga ƙafa a hankali kamar tana nutsewa, wani a ɓoye yana kaɗa ƙararrawa ɗaya jefi-jefi, na ƙarshensu ya girgiza salka ya ji ba komai: an gama Sahara. Guguwar da ta hallaka ayari a ƙarshen labari, farin yadi ƙwarya guda da yara huɗu ke kaɗawa ya ishe ta, ganga na ƙara ƙarfi, mutane na faɗuwa ɗaya bayan ɗaya yadin na rufe su. Shekaru ma haka. Ana bukatar Umar uku, yaro da saurayi da tsoho, kuma don kada a rikice sai a ba su alama guda, kamar laya a wuya, wadda uwar ta ɗaura masa da hannunta a fitowa ta farko. In ƙaramin ya fita babban ya shigo da layar nan, ba sai an yi shela ba. Wannan dabara ta ƙaramin abu ya tsaya a madadin babba ba daga waje muka aro ta ba. Yaran tashe da ke fitowa daga goma ga watan azumi da gemun auduga da tulin tsumma a ciki, da matan fada masu wasan gauta da ke kwaikwayon sarki da hakimansa, da 'yan kama masu shigar malamai, duk da ita suke aiki tun kafin a buga wasa ko ɗaya a takarda. Shi ya sa dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wanda aka gina da jar ƙasa a tsakiyar shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe, ya dace da mu: ɗakuna a kewaye, fili a tsakiya, sama a buɗe.

Akwai fitowa ɗaya da nake auna kowane mai juya Shaihu Umar da ita, wato haɗuwar uwa da ɗa. Matar nan ta bar gida tana neman ɗanta, aka yaudare ta aka sayar, ta ratsa hamada tana baiwa, sai ga shi sun haɗu a Tarabulus bayan ya girma ya zama malami, kuma ba ta daɗe ba ta rasu. Wanda ya ƙoshi da fina-finan Indiya zai sa su ruga da gudu su rungumi juna, a saki kiɗa mai sa kuka. 'Yan kallo za su yi tafi, amma ba za su yarda ba. Uwa Bahaushiya ta wancan zamani ba ta rungumar babban ɗanta a gaban maza, in ɗan fari ne ko sunansa ba ta kamawa. Gwani yakan yi amfani da wannan kunya, ya mayar da ita makami. Ta shigo da ƙwaryar ruwa a matsayin baiwar gida, ta durƙusa ta ajiye wa baƙi. Ta ji Hausa a bakin ɗayansu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ba su baya. Ta yi tambaya ɗaya, daga wane gari. Ya amsa. Ta yi ta biyu, wa ya rene shi yana ƙarami. Ya ambaci Makau. Ba ta juyo ba, sai dai ƙafafunta suka kasa ɗaukarta ta zauna a ƙasa inda take. Shi ne zai taso ya zo ya durƙusa ya ce, “Inna.” In an yi shi daidai, za ka ji fili ya yi tsit, har masu tallan gyaɗa sun daina kira. Rubuta irin wannan wuri yana bukatar mutum ya riƙe alƙalaminsa, ya yarda cewa ɗan wasa da shiru za su yi abin da shafi guda na magana ba zai yi ba, kuma wannan haƙuri shi ne abin da ya fi wuya ga duk mai son kalmominsa.

Littattafan Imam wata irin wahala gare su. Ruwan Bagaja kamar don dandali aka rubuta rabinsa, domin duk inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suka haɗu, wannan ya yi wa wancan tsiya wancan ya rama, fitowa ce a shirye. Haɗarin shi ne dariya ta cinye wasan. Yaron da aka ba Zurƙe in ya ji taro na shewa sai ya fara ƙari daga kansa, a manta cewa tafiyar nan neman magani ce da wanke mutuncin uba da aka kunyata a fada. Mai shiryawa dole ya ja masa linzami ba tare da ya kashe masa gwiwa ba. Magana Jari Ce kuwa, mai littafi uku da suka fito a ƙarshen shekarun 1930, ba a ɗaukarsa duka. Akan riƙe Aku da ɗan sarki Musa da mugun Waziri a matsayin gindi, a zaɓi labari biyu ko uku a rataya. Akun ma ba sai an nemo tsuntsu ba: yaro mai kaifin baki da riga mai ruwan toka da ɗan jan ƙyalle a baya, ya tsuguna a kan turmi yana karkata kai, ya wadatar. Gidan talabijin na NTA Kaduna ya juya littafin zuwa wasa mai dogon zango a shekarun 1980, marigayi Ƙasimu Yero na cikin waɗanda suka fito. Kuma duk mai jin tsoron taɓa aikin Imam ya tuna cewa shi kansa Imam babban mai juyawa ne. Ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turai, ya sa musu rawani da babbar riga har ba mai gane baƙi ne. Haka Ibrahim Yaro Yahaya ya kawo wasan Shakespeare cikin Hausa da sunan Daren Sha Biyu. A ƙasar Yarbawa Wale Ogunyemi ya juya littafin D.O. Fagunwa ya zama Langbodo, aka nuna shi a FESTAC ɗin nan dai. A Masar Taufiƙ al-Hakim ya gina wasansa na 1933 a kan ƙissar Mutanen Kogo.

Yanzu ga abin da ya sa nake ganin wannan aiki ya fi nauyi a ƙasar Birnin Gwari fiye da Kano ko Zariya. Harin da aka yi wa Makau sharri a kansa, ƙasar Gwari aka kai shi. Ƙasar Gwari tana da faɗi, daga nan har Minna da Abuja, amma mu muna cikinta. Littafin bai daɗe a kan waɗanda aka kamo ba, domin idonsa na kan Makau da makircin fada. Mai juyawa a nan ba zai iya wucewa da sauri haka ba. Cikin masu kallonsa akwai jikokin maharan da jikokin waɗanda aka hara, suna zaune kan tabarma ɗaya. Yana da ikon da marubuci ya bar masa: kafin mahaya su iso, ya nuna mata biyu suna shuka, ɗaya da goyo, suna hira kan abin da za a dafa da dare. Minti ɗaya kawai. Daga nan duk lokacin da aka ce bayi a fada, 'yan kallo fuskokin nan za su tuna. Bai ƙara wa Tafawa Ɓalewa abin da bai nufa ba, domin littafin tun asali kan zafin cinikin bayi yake, ya dai haska lungun da ke cikin duhu.

Sannan satar yaro da uwa mai bin sawu ba tarihi ba ne a wurinmu. A Fabrairun 2021 an kwashe ɗalibai daga makarantar kimiyya ta Kagara, a watan Mayu na shekarar aka kwashe na Islamiyya a Tegina, a Maris na 2024 aka yi na Kuriga. Ƙauyukan yammacin Birnin Gwari sun sha nasu wanda jarida ba ta ƙirga ba. Duk wanda zai tsayar da Shaihu Umar a Randagi ya sani cewa a cikin taron akwai matar da ta sayar da abin hannunta ta karɓo ɗanta, akwai wadda har yau tana jira. A nan ne gwaninta ke haɗuwa da tausayi. Ba a nuna duka da ɗauri a fili don a burge. Akan ɗauke satar zuwa bayan labule, a bar takalmin yaro ɗaya a tsakar dandali, uwar ta dawo daga ganin iyayenta ta tarar da shi. Ba a sa wa mahara kayan da za su yi kama da wata ƙabila ta yau, domin wasan da ya kamata ya haɗa gari kada ya zama sanadin raba shi. Kuma ba a rufe wasa a kan mutuwa. Akan komo Rauta, a ga yaron nan da aka sayar ya zama mai koyar da 'ya'yan wasu, almajirai na biya karatu a gabansa. Tun da aka yi sulhu da masu satar mutane a ƙarshen 2024 aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, mutane sun fara iya taruwa da rana, kuma gari da ya daɗe bai taru ba sai don jana'iza yana bukatar wani dalilin taruwa.

Abu ɗaya da masu sha'awa ke mantawa: littattafan nan suna da masu su. Dokar Najeriya na kare aikin marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa. Tafawa Ɓalewa ya rasu a 1966, Imam a 1981. Duk wanda zai karɓi kuɗin ƙofa, ko ya ɗauka a bidiyo ya sayar, ya nemi izini wajen kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya da magada, ya kuma ambaci sunan marubuci da babbar murya kafin a fara.

Kirana ga malaman Hausa na makarantun Randagi da sauran garuruwan masarautar nan shi ne ku gwada hannunku a zangon karatu mai zuwa. Kada ku ɗauki littafin duka. Ku fara da fitowar fada, inda aka yi wa Makau sharri: yara takwas, tabarma biyu, darduma ɗaya, rigunan aro daga gidajen iyaye. Ku bar ɗalibai su rubuta maganganun da kansu, ku kai wa wani dattijo da ya san fada ya gyara musu gaisuwa da zama, ku yi gwaji har sai na ƙarshen fili yana jin kowace kalma ba tare da lasifika ba. Ranar rabon sakamako ku gayyaci iyaye, mata su samu wurinsu a gaba, a fara da an idar da la'asar.